Ziyarar CERN a Jeniba: Shiri, Biza da Yadda Ake Samun Shiga Ciki

CERN ita ce cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ƙasashen Turai 12 suka haɗu suka kafa a 1954, a unguwar Meyrin da ke gefen birnin Jeniba, daidai kan iyakar Suwizalan da Faransa. Nan ne aka ƙirƙiro yanar gizo, nan kuma aka gano ƙwayar Higgs, wadda ke da alaƙa da yadda sauran ƙwayoyi ke samun nauyi, a 2012. Shiga wurin baƙi kyauta ne, zagayawa da ɗan rakiya ma kyauta ne. Kuɗin duk a hanya suke ƙarewa: biza, tikitin jirgi, masauki. Saboda haka asara ce babba mutum ya kashe wannan kuɗi ya isa ƙofar, ya dawo ba shi da komai sai hotonsa a gaban gini.

Tun da wuri a cire wani buri daga rai. Babbar na'urar haɗa ƙwayoyi karo da ake kira LHC, wadda sunanta ya cika duniya, ba a ganinta daga waje. Tana cikin rami mai kewayen kilomita 27, zurfinsa kamar mita 100 a ƙarƙashin gonaki da ƙauyuka, mafi yawansa ma a ɓangaren Faransa. Idan tana aiki ba mai shiga ramin, har injiniyoyinta, saboda tururin radiyeshin. Idan an kashe ta don gyara akan sauka da wasu baƙi, amma guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma ba abin da mai zuwa shi kaɗai zai gina tafiyarsa a kai ba ne. Abin da ake samu a sama ya isa ya cika yini guda, matuƙar an san yadda ake nemansa.

Kafin tafiya: fahimci abin da za ka gani

Wanda ya shiga CERN bai san komai ba zai ga bututu da wayoyi ne kawai. Minti talatin na karatu a gida yana sauya ziyarar gaba ɗaya, ga kuma ƙashin bayan abin.

Aikin yana farawa ne daga kwalbar iskar haidirojin. Daga cikinta ake samun firoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidirojin. Ba a jefa su cikin LHC kai tsaye, sai an bi da su mataki-mataki, kamar yadda direba ba ya tayar da mota da giya ta biyar. Suna fara bi ta miƙaƙƙiyar na'ura mai suna Linac4, su shiga ƙaramin zobe na Booster, daga nan zoben PS mai kewayen mita 628 wanda ke aiki tun 1959, sai SPS mai kusan kilomita 7 wanda aka kunna a 1976, sannan LHC. A can suna kewaya kilomita 27 ɗin nan fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, rabi ta dama rabi ta hagu, a haɗa su karo a wurare huɗu. Kowane wurin karo yana da na'urar da ke ɗaukar abin da ya fito: ATLAS, CMS, ALICE da LHCb.

Abin da ke lanƙwasa hanyar firoton ɗin su bi zobe shi ne maganaɗisu. Manyan guda 1,232 ne, kowane tsawonsa mita 15. Ana sanyaya su da ruwan iskar hiliyam har zuwa digiri 271 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya, domin a wannan sanyi ne wayoyinsu ke ɗaukar wuta mai yawa ba tare da sun yi zafi ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. An kunna LHC ranar 10 ga Satumba 2008, bayan kwana tara haɗin waya guda tsakanin maganaɗisu biyu ya lalace, ya huda bututun hiliyam, iskar ta fito da ƙarfin da ya tumɓuke maganaɗisu daga mazauninsu. Sai a Nuwamba 2009 aka sake kunna ta. Ka riƙe wannan labari, domin idan ka tsaya gaban samfurin maganaɗisun da aka yanka aka nuna cikinsa, za ka san inda za ka kai idonka: wurin haɗin.

Zaɓen lokaci

Wurin baƙi, wanda ake kira Science Gateway, an buɗe shi a Oktoba 2023. Yana buɗewa Talata zuwa Lahadi, zaurukan nuni daga ƙarfe 9 na safe zuwa 5 na yamma. Litinin a rufe yake, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kama masu yada zango na kwana ɗaya. Ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu cibiyar kan tafi hutun ƙarshen shekara, don haka a duba kalandar shafinsu kafin a sayi tikiti, ba bayan an saya ba.

Yuli da Agusta cunkoso ya fi yawa, masauki ya fi tsada. Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi ga wanda bai saba da sanyi ba. Talata zuwa Alhamis sun fi ƙarshen mako sauƙin samun gurbi. An kuma tsara dogon hutun gyara na LHC daga tsakiyar 2026 zuwa wajen 2030, don ƙara mata yawan karon da take yi. A irin wannan lokaci ɗakunan sa ido ba su da armashi kamar lokacin da ake ɗaukar bayanai, amma wuraren da ba a shiga a da sukan buɗu.

Ka ware kwana biyu cikakku a Jeniba, ba ɗaya ba. Dalilin zai fito a batun rajistar zagayawa.

Biza

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun 2008, don haka bizar Shengen ta gajeren zama ake nema. Wannan ya dace da tafiyar, tunda wasu sassan CERN a Faransa suke kuma biza ɗaya ce ke aiki a ƙasashen biyu. Ga mazauna Najeriya, ofishin jakadancin Suwizalan yana Abuja, a shafinsa ake ganin inda ake miƙa takardu da ɗaukar hoton yatsu.

Ana iya nema tun saura wata shida a tashi, kuma kada ya gaza kwana 15. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, ga kuma jiran ranar ganawa. Wata uku kafin tafiya shi ne daidai. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an ƙi.

Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu babu komai, kuma zai kai wata uku bayan ranar da za ka bar yankin. Inshorar lafiya ta tafiya dole ta kai Yuro 30,000, ta ɗauki duk ƙasashen Shengen da duk kwanakin tafiyar. Wasu kan sayi wadda ta ƙare kwana ɗaya kafin ranar dawowa, wannan kaɗai ya isa a mayar da takardu. Sai shaidar masauki, shaidar jirgi na zuwa da dawowa, takardar wurin aiki ko makaranta ko rajistar kasuwanci, da bayanin asusun banki na watannin baya. Ma'aunin da Suwizalan ke amfani da shi shi ne faran 100, wato kuɗin ƙasar, a kowace rana, ɗalibi kuma faran 30. Kuɗin da aka ranto aka zuba a asusu mako ɗaya kafin ganawa ya fi ƙaramin asusu mai tafiya daidai jawo zargi, domin abin da jami'in ke dubawa shi ne ko kuɗin sun yi daidai da sana'arka.

Akwai wani tarko na musamman a wannan tafiya. Masauki a garuruwan Faransa da ke maƙwabtaka da CERN, irin su Saint-Genis-Pouilly da Ferney-Voltaire, ya fi na Jeniba araha. Amma ƙa'idar Shengen ita ce a nemi biza a ƙasar da ita ce ainihin inda za a je, ko inda za a fi yin kwanaki. Idan duk kwanakinka a Faransa za ka yi, ka kuma kai takardu ofishin Suwizalan, ka buɗe ƙofar tambayoyi. Ka tsayar da wurin kwana tukuna, sannan ka zaɓi ofishin da ya dace da shi. Ka kuma buga takardar rajistarka ta Science Gateway ka haɗa, tana nuna dalilin tafiyar a sarari.

Isa da zirga-zirga

Daga Kano, Abuja, Legas ko Yamai sai an yada zango, ko a Istanbul, ko Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Faris, ko Firankfot. Idan zangon a Faris ne ko Firankfot, a can ne za a duba fasfonka a matsayin shiga Shengen, layin kuma yakan yi tsawo, don haka kada tazarar jirage biyun ta gaza awa biyu da rabi.

A allunan gari za ka ga an rubuta Genève, da Faransanci. Daga filin jirgi zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Cornavin minti bakwai ne a jirgin ƙasa. Daga gaban tashar ake hawa tiram mai lamba 18, ƙaramin jirgin da ke bin titin cikin gari, wanda aka rubuta CERN a goshinsa. Tasharsa ta ƙarshe ita ce ƙofar wurin, tafiyar minti ashirin da 'yan kai. A kula da goshin, domin mai wannan lamba yana zuwa ɗaya ɓangaren ma.

Babu kwandasta a ciki. Ana sayen tikiti a na'urar da ke tasha ko ta waya kafin a hau, masu bincike kuma kan shigo ba zato, tararsu tana da nauyi, ba sa sauraron uzurin baƙunta. Wanda ya sauka a otal ko masaukin matasa a cikin Jeniba ana ba shi katin hawa motocin gari kyauta na tsawon zamansa. Wanda ya kwana a Faransa ba ya samun wannan, a sa shi cikin lissafi kafin a ce can ya fi araha.

Kuɗin ƙasar faran ne, ba Yuro ba. Soket ɗinsu ma nasu ne daban: filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya ba ya shiga, siririn mai ƙafa biyu irin wanda aka saba da shi a Nijar yana shiga. Ka sayi adafta tun daga gida, domin wayarka ita ce makullin ranar ziyara. Layin waya na wata ƙasar Turai ma ba lallai ya yi aiki a farashinsa na gida ba, tunda Suwizalan ba ta cikin tsarin Tarayyar.

Ranar ziyara

Rajista iri biyu ce, mutane kuma suna rikita su. Ta farko ita ce ta shiga Science Gateway, ana yinta ta intanet tun daga gida. Ta biyu ita ce ta zagayawa cikin harabar bincike tare da ɗan rakiya, da ta ɗakin gwaje-gwaje. Ga mai zuwa shi kaɗai ko da iyalinsa, wannan ta biyun ba a yinta daga gida. Sai a ranar, kana cikin wurin, ka haɗa wayarka da intanet ɗinsu, ka shiga shafin baƙi, ka kama gurbi idan an buɗe. Ana buɗe kowane zagaye ɗan lokaci kafin ya fara, wanda ya riga shi ya samu, kuma a lokacin cunkoso guraben kan ƙare cikin mintuna.

Tsarin da ke aiki shi ne wannan. Ka isa kafin ƙarfe 9 da cikakken caji. Kafin ka kalli komai, ka haɗa waya, ka shigar da sunanka da na duk wanda ke tare da kai, ka tambayi ma'aikatan tebur ƙarfe nawa ake buɗe kowane zagaye da harshen da za a yi shi, Turanci ko Faransanci. Ka sa ƙararrawa saura minti biyu. Idan na farko ya wuce ka, ka jira na gaba kana zaga zaurukan. Idan ranar ta ƙare ba ka samu ba, shi ne amfanin kwana na biyu.

Ƙungiya mai mutum 12 ko fiye, kamar ɗaliban jami'a da malaminsu, tana da hanya daban: tana neman rana tun watanni kafin zuwa, a ba ta ɗan rakiya nata. Malamin da ke shirya irin wannan ya nemi ranar CERN tukuna, sannan biza, sannan jirgi.

Ka riƙe fasfonka a jiki, ba a otal ba. Ka sa takalmi rufaffe mara tsini, domin silifa ko buɗaɗɗen takalmi na iya sa a hana ka shiga wuraren aiki. Babbar jaka a bar ta a masauki. Mai na'urar bugun zuciya a jiki, da mace mai juna biyu, su faɗa wa ma'aikata tun kafin su kama gurbi, saboda wasu wuraren akwai maganaɗisu mai ƙarfi.

Zagayen kan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, kuma ba kai ke zaɓen inda za a je ba. Wurare biyu aka fi kai masu zuwa su kaɗai. Ɗaya shi ne Synchrocyclotron, na'urar CERN ta farko, wadda ta yi aiki daga 1957 zuwa 1990. Tana nan a ɗakinta mai kaurin bango, ƙaton ƙarfe da naɗin waya, ana haska hotuna a jikinta don a nuna yadda ƙwayoyi ke kewayawa a ciki suna faɗaɗa da'ira yayin da gudunsu ke ƙaruwa. Wanda ya gane wannan ya gane tushen duk sauran. Na biyu shi ne ginin ATLAS, inda ake leƙa ɗakin sa ido ta gilashi. Na'urar kanta tana ƙarƙashin ƙafarka, tsawonta mita 46, kaurinta mita 25, nauyinta tan 7,000.

'Yan rakiyar galibi masu bincike ne ko injiniyoyi ko ɗaliban digiri na uku da suka sa kansu, don haka tambaya mai kyau tana fitar da abin da ba ya cikin allo. Ga wadda ta dace da mai sha'awar kwamfuta: ana samun karo wajen biliyan ɗaya a daƙiƙa, amma 'yan dubbai kawai ake ajiyewa, to wa ke yanke hukuncin wanda za a zubar, cikin wane lokaci, kuma ta yaya suka san ba su zubar da abin da suke nema ba? Amsar za ta kai ku ga na'urorin tacewa da kuma tsarin da ke rarraba bayanan zuwa cibiyoyin kwamfuta kusan 170 a ƙasashe fiye da 40.

A cikin zaurukan, kada ka raba lokacinka daidai. Ɓangaren da ke bayanin na'urorin gudu da na karo shi ya fi cancantar awa biyu, domin a nan ne ainihin kayan aiki suke, har da wata ƙaramar na'urar gudun firoton mai suna ELISA da ke aiki da gaske. Ɓangaren tarihin sararin samaniya yana da kyau amma ana samun irinsa a wasu gidajen tarihi. Na duniyar ƙananan ƙwayoyi ya fi dacewa da yara da matasa.

Idan ka ga aikin akwatin hazo a jadawalin ɗakin gwaji, ka kama shi ko da za ka rasa wani abu. Akwati ne na roba mai haske, a samansa ƙyalle jiƙe da sinadarin alkohol, ƙasansa farantin ƙarfe baƙi a kan busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon mai tsananin sanyi. Ana kashe fitila a haska tocila ta gefe. Bayan 'yan mintuna wani siririn hazo zai kwanta a kan farantin, sai layuka su fara bayyana suna ɓacewa. Dogon layi miƙaƙƙe siriri yawanci muwon ne, ƙwayar da ta samo asali daga saman sararin sama ta ratsa rufin ginin. Gajere mai kauri ƙwayar alfa ce daga iskar radon da ke cikin ɗakin. Mai karkace-karkace ilektiron ne mara ƙarfi. Idan ba ka ga komai ba, ko akwatin yana shan iska ta gefe, ko farantin bai yi sanyi sosai ba, ko kuma an haska tocilar daga sama maimakon ta kwanta daidai da farantin.

Batun yanar gizo kuwa, a Maris 1989 ne Tim Berners-Lee, ma'aikacin CERN ɗan Ingila, ya rubuta shawarar tsarin da zai sa masu bincike su riƙa samun takardun juna daga kwamfutoci mabambanta. Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta saki fasahar ga kowa ba tare da kuɗin lasisi ba. A lura, intanet ta riga wannan, abin da aka yi a nan shi ne tsarin shafuka da mahaɗansu da ke tafiya a kanta.

Akwai wurin cin abinci a Science Gateway, farashinsa irin na Suwizalan. Ruwan famfo ana sha, don haka gora ta wadatar. Babban masallacin Jeniba yana unguwar Petit-Saconnex, gidajen abincin halal kuma sun fi yawa a unguwar Pâquis kusa da tashar Cornavin. Yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi, sai na tasha da na filin jirgi.

Idan akwai sauran kwana

Mai ƙarfin tuƙa keke yana iya bin hanyar da aka shata a sama tana bin zoben LHC, kilomita 54, da wuraren tsayawa goma masu bayani. Ita ce hanya mafi kyau ta jin girman abin a jiki, tana kuma bi ta ƙauyen Cessy na Faransa inda CMS take, na'urar da ta fi ATLAS ƙanƙanta amma ta ninka ta nauyi, tan 14,000.

A cikin gari akwai gidan tarihin kimiyya a wani lambu da ke bakin tafki, shiga kyauta, cike da tsofaffin na'urorin hangen nesa da na awon yanayi. Shi kuma Talata yake rufewa, don haka ya dace da ranar Litinin da CERN ke rufe. Ruwan nan mai tsiri a tafkin, wanda ke tashi mita 140, asalinsa aikin injiniya ne: a 1886 mafitar rage matsin ruwa ce ta wata tashar da ke ba masana'antu ƙarfi, idan an rufe injuna da yamma sai a saki ruwan. Na yanzu famfuna ne ke harba lita 500 a daƙiƙa, kuma akan kashe shi idan iska ta yi ƙarfi ko sanyi ya tsananta.

Bern, babban birnin ƙasar, tafiyar ƙasa da awa biyu ce a jirgin ƙasa. A titin Kramgasse, gida mai lamba 49, Albert Einstein ya zauna daga 1903 zuwa 1905 yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, lokacin da ya rubuta takardun da suka sauya ilimin fiziks. Gidan ƙarami ne, rabin awa ya ishe shi, cikakken nunin rayuwarsa yana babban gidan tarihin birnin a ƙetaren kogi. Tikitin jirgin ƙasa a Suwizalan yana da tsada idan an saya a ranar, amma ana samun mai rahusa ta manhajar kamfanin jiragen idan an saya da kwanaki, da sharaɗin jirgin da aka zaɓa kaɗai za a hau.

Ɗalibin jami'a mai karanta fiziks, injiniya, lissafi ko kwamfuta yana da wata ƙofar da ta fi ta baƙi: shirin ɗalibai na bazara, wanda ke ɗaukar har 'yan ƙasashen da ba mambobin CERN ba, su yi makonni suna aiki da masu bincike, ana kuma ba su kuɗin zama. Ana rufe karɓar takardu a farkon shekara, wajen Janairu, kuma ana buƙatar takardar sakamakon karatu da wasiƙun shaida daga malamai, don haka tun Nuwamba ya kamata a fara tuntuɓar malaman.